Kanti ko Singa: cefane ya hana mu zaman lafiya

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar makaranta ce, muna zaune a unguwar Rijiyar Zaki a Kano, ni da maigidana da yaranmu huɗu da ƙaninsa da ke karatu a wurinmu. Duk wata yana turo min naira 180,000 na cefane, tunda ni ce ke bi ta wajen kantuna. Ƙarfe 7 nake fita, ba na dawowa sai bayan la'asar. Akwai wani babban kanti a hanyata, nan nake tsayawa sau biyu ko uku a sati in sayi abin da ya ƙare. Kuɗin ba sa kai 20 ga wata, daga nan sai mu koma rubuta bashi wurin mai shagon layinmu. Abban yara ya ce ni 'yar gayu ce, sanyin kanti nake saya ba abinci ba, wai a gidansu buhu-buhu ake sauke musu daga kasuwar Dawanau. Kwanakin baya ya yi zuciya ya tafi kasuwar Yankaba ya ɗauko kwandon tumatir guda, aka kwana uku ba wuta, rabi ya ruɓe, ni kuma na kasa riƙe bakina. Tun ranar ba a ambaci cefane a gidan nan ba sai an yi faɗa. Don Allah Anti, wa ke da gaskiya a cikinmu?

Maman yara, Rijiyar Zaki

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya daidaita tsakaninku.

Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma inda idona ya tsaya shi ne layin da kika wuce da gudu kamar ba komai: daga 20 ga wata sai littafin mai shago. Ke da Malam kun tsaya a ƙofar gida kuna musun kanti da kasuwa, alhali ɓeran da ke cin kuɗin yana kwance a cikin wancan littafin. Bari mu fara da shi, kwandon tumatir ya jira.

Wata safiyar Asabar ki leƙa shagon layinku ki tsaya minti goma, ki kalli yadda ake ciniki. Sukari a ƙulle a leda, man gyaɗa a ƙulle, omo a ƙulle, magi ɗaiɗai, shinkafa da gwangwani. Mai shagon nan shi ma kasuwar Singa ya je ya saro. Ya biya dako, ya biya mota, ya sayi leda, ya zauna ya ƙulla, sannan ya jira ku biya shi ƙarshen wata, wasu ma sun tashi daga unguwar da kuɗinsa. Duk wannan sai ya fito a cikin kowane ƙulli, kuma ba zaluntarku ya yi ba, sana'arsa ke nan, ranar da kuka wayi gari ba ko sisi ma shi ne ya rufa muku asiri. Amma da wuya ki sami inda ake sayen abinci da tsada a garin nan kamar wurinsa. Ga shi wanda ake bi bashi ba ya tayi. Da wane baki za ki ce a rage miki alhali sunanki na cikin littafi? Ga kuma aike. Ki tura yaro ya karɓo magi da gishiri, ya dawo yana tsotsar alewa, ita ma an rubuta.

Ki lissafa da kanki. Kwana 10 a kowane wata, wato kashi ɗaya cikin uku na cin gidanku, a farashi mafi tsada kuke yin sa. Idan kuma daga cikin kuɗin cefanen ake biyan mai shago da zarar albashi ya shigo, to 180,000 ɗin nan a baki kawai take, abin da ke isa hannunki ya gaza haka. Shi ya sa suke ƙarewa da wuri, shi ya sa kuma ake komawa littafi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ban ce abin kunya ba ne. Amma irin wannan, duk wata kansa yake haifa.

To, kanti. Ba zan taya Malam yi miki gori ba. Matar da ta wuni a tsaye gaban allo, ta fito da ƙurar alli a hijabi, tana tunanin tuwon dare da aikin makarantar yara huɗu, idan ta zaɓi wurin da za ta shiga ta fito cikin minti 20, gajiya ce ta kai ta. An rubuta farashi a jikin kaya, ba mai kallon takalminki ya ƙara miki, ba neman canji, ba turereniya, ki miƙa kati ki karɓi rasit. Sai dai wannan sauƙin shi ma haja ne, sayar da shi ake yi. Kuɗin haya, dizal ɗin janareto, na'urar sanyaya wuri, albashin ma'aikata da masu gadi, duk suna cikin kuɗin gwangwanin madarar da kika ɗauka. Nauyin ba ƙarami ba ne ko ga masu kantunan kansu: Shoprite da ta buɗe a Ado Bayero Mall a 2014, har mutane suna zuwa kallo daga ƙauyuka, ta rufe reshenta na Kano a Janairun 2024. Don haka da Malam ya ce kina sayen sanyi, akwai ƙamshin gaskiya, faɗar ce dai ba ta yi daɗi ba.

Inda zan ja miki kunne shi ne wannan "sau biyu ko uku a sati". Kusan shiga goma ke nan a wata. Na san yadda abin yake, domin ni ma ina shiga. Madara da sabulu suka kai ki, sai ki ja keken zuba kaya saboda an ajiye shi a bakin ƙofa, madara da sabulu kuwa a cikin keke kamar ba ki sayi komai ba. Ki bi ta layin biskit ki tuna auta, ki ga yogot ki tuna zafi, a wurin biya ga cakulan a daidai hannu. Kati kuma ba ya ciwo. Da takardun dubu-dubu kike ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, da kin mayar da rabin kayan. Ke malama ce, jar biro ba ta yi miki wuya. Ki tattaro rasit ɗin wata guda, ki ja layi a ƙarƙashin duk abin da ba shi ya kai ki kantin ba, ki haɗa jimla. Kada ki nuna wa kowa tukuna, ke dai ki gani.

Yanzu kasuwa. Allah ya yi wa Kano arzikin da garuruwa da yawa ba su da shi, kowane kaya da kasuwarsa. Hatsi Dawanau, a hanyar Katsina, inda manyan motoci ke lodi har zuwa Nijar da Chadi da Kamaru. Kayan masarufi, su sukari, taliya, madara, sabulu, Singa. Kayan gwari Yankaba, a titin Haɗeja. Kayan marmari 'Yan Lemo a Na'ibawa, hanyar Zariya. Nama Abbatuwa. Cikin gari ga Rimi. Sai dai ki duba yadda suke a baje: ɗaya a arewa, ɗaya a gabas, ɗaya a kudu, ɗaya a tsakiyar cunkoso. Arahar Kano a warwatse take, abin da kanti ke sayar miki shi ne tara ta a ƙarƙashin rufi ɗaya. Daga Rijiyar Zaki zuwa Yankaba sai an ratso Kabuga an keta garin kaf. A da, lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba, mutum bai damu ba. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, har lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, tafiya kasuwa ta zama kaya mai kuɗi ita ma. Ina fata Malam ya sa man da ya ƙona a lissafin kwandonsa.

Bari in ba ki misali, lambobin nawa ne na kwatance, ki musanya su da na gaskiya. A ce katan ɗin taliya mai guda 20 ya fi sauƙi a Singa da naira 1,500. Idan shi kaɗai ya kai ki, kika biya adaidaita zuwa da dawowa, kika ba ɗan dako, kika ba mai POS ladansa, to kin yi asara, kin kuma ɓatar da Asabar ɗinki. Idan kuwa a tafiya ɗaya kika haɗo taliya, sukari, jarkar mai, katan ɗin sabulu, madara, magi da gishiri na wata biyu, kuɗin motar bai canza ba, ragin kuwa ya ninka sau bakwai ko takwas. Kasuwar sari ba ta yi wa mai sayen abu ɗaya rana. Ko a je da nauyi, ko a zauna a gida.

Sannan kasuwa tana son ido. Kwandon tumatir, manya jajaye a sama, fasassu a ƙasa, sai ka sa a zazzage ko ka zura hannu. Kwanon awo akwai cikakke akwai wanda aka buga wa gindi. Yawancin 'yan kasuwarmu masu tsoron Allah ne, amma mai algus ɗaya ya isa ya cinye ribar tafiyar. Maganin wannan shi ne mutum ya yi nasa mai kaya, wanda ya san fuskarka, yana yi maka gyara, idan buhu ya fito da matsala ka mayar masa. Wannan ba a yin sa a zuwa ɗaya cikin fushi.

Ni ma na taɓa yin irin zuciyar Malam, don kada ki ɗauka daga sama nake magana. Farkon aurena na ga wake ya yi araha da kaka, na matsa sai da aka sayo min buhu guda, mu biyu rak a gida. Na jingine shi a sito ina jin ni ma na zama uwar gida. Bayan wata uku na kwance bakin buhun, sai ga ƙwari suna tashi kamar hayaƙi, kowace ƙwaya da hudarta, ƙasan buhun ya zama gari. Kaji suka ci rabonsu, maƙwabta suka ɗebi na ƙosai. Da na kai wa mahaifiyata kuka, Allah ya ji ƙanta, ba ta ko ɗago daga tankaɗen da take yi ba, ta ce garin neman ƙiba kin samo rama. Daga baya na koyi abin da kowa ya sani ban da ni: a shanya wake ya bushe sarai, a cika jarka mai tsabta har wuya, a rufe gam yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwaron da ke ciki ya mutu da kansa. Akwai kuma buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, shi ma aikinsa ke nan. Abin da ba za ki yi ba shi ne zuba fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a abin da yara za su ci. Saboda irin wannan guba Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015.

Abin da wannan buhun ya koya min shi ne in daina tambayar ina ya fi araha, in fara tambayar kayan kansa: kai za ka iya jira? Shinkafa tana jira. Masara, gero, dawa, sukari, gishiri, taliya, manja, man gyaɗa, sabulu, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, barkono, duk suna jira, kuma su ne ke cinye mafi yawan kuɗin cefane. Waɗannan, gaskiya tana wurin Malam ɗari bisa ɗari: baki bakwai a gida, sayensu a kanti ko a ƙulle ɓarna ce. Ku auna kwano nawa na shinkafa kuke ci a sati, buhu mai kilo 50 kwano 20 ne ko ƙasa kaɗan, sai ku san kwana nawa zai kai ku. Tumatir kuwa, da attaruhu, tattasai, alayyafo, nama, kifi, ba sa jira, kuma firjin da ke dogara da wutar da ba ta da alƙawari ba sito ba ne. Waɗannan a saye su kusa, kaɗan-kaɗan, wurin mai kayan miyan bakin titi ko 'yar kasuwar unguwa, ko da kashin ya fi na Yankaba tsada. Ƙarin da kike ba shi, ladan ɗauke miki asarar ruɓewa ne. Kanti kuma ki bar masa abin da ya fi iyawa, irin su madarar jarirai da kayan gwangwani da kike son ganin ranar lalacewarsu a rubuce, sau ɗaya a wata, da takarda a hannu, ba tare da yara ba, kuma ki ɗauki kwando maimakon keke.

Lokaci ma yana da nasa farashin. Hatsi da kaka yake sauka, daga Oktoba zuwa Disamba, idan sabo ya shigo. Ya fi tsada da damina kafin girbi. Gero da sukari ba a bari sai an ga watan azumi. Dawanau ba ta yi muku nisa ba, kuma zuwa ɗaya ko biyu a shekara ya isa. Wasu na ganin tara abinci kamar rashin tawakkali ne. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara. Abin ƙi shi ne ɓoye kaya don a tsawwala wa jama'a. Amma ku sayi na ci, iya abin da za ku iya adanawa, kada Malam ya zama ɗan kasuwar dole. Waɗanda suka cika sito da masara a ƙarshen 2024 suna jiran riba, da farashi ya faɗo a 2025 sun ji a jikinsu.

Mu dawo kan kwandon da ya haddasa gaba. Tumatir a Kano yana da lokacinsa. Da rani, wajen Janairu zuwa Maris, idan na noman rani ya nuna a Kadawa da Kura da Garun Malam, inda ruwan dam ɗin Tiga ke shayar da gonaki, yakan yi araha har manoma su rasa mai saye a kasuwar Kwanar Gafan. Da damina ta kankama sai ya zama zinariya. Wata shekarar kuma tsutsa ta shigo, kamar wadda manoma ke kira sharon da ta cinye gonaki a 2016, kowa ya koma na gwangwani. Don haka sayen kwando a lokacin arha dabara ce mai kyau. Kuskuren Malam shi ne ya ɗauka aikin ya ƙare da ya sauke kwandon a tsakar gida, alhali a nan ya fara. Sai an tsince, an wanke, an kai niƙa, an dafa har ruwan ya ƙone ya yi kauri, an wanke kwalabe an tafasa su, an ɗura, an rufe, an sake tafasa kwalaben da abin da ke ciki. Wuni guda ne cur, da gas ko gawayi mai yawa. Wanda ya ajiye wa ma'aikaciya wannan aikin ba shiri ba shawara, ya sayi arha ne da ƙarfin wata.

Kakata a cikin gari ba ta san firji ba, amma ba ta taɓa rasa tumatir da damina ba. Da hunturu za ta sa mu a gaba, kowa da wuƙarsa, mu yanka shi biyu-biyu, mu hau soro mu jera a kan tabarma, cikinsa yana kallon sama. Kwana kaɗan iska ta busar da shi ya yi baƙi-baƙi ya takure, a tara a buhu a rataye. Kauɗa ke nan. A jiƙa, a wanke, a niƙa da albasa, miyar ba ta da launin ɗanye amma tuwo bai taɓa ƙorafi ba. Yanzu ƙura ta fi ta da, sai a rufa da yadi mai shara-shara. Ga ƙanin Malam, ga yara huɗu, Asabar ɗaya ta ishe ku, in an faɗa tun Laraba.

Akwai wani abin da masu cewa "a sayi buhu" ba sa faɗa. Buhu a sito yana buɗe hannu. Mai girki ta ga abu a cike sai ta ƙara gwangwani, a kwana da saura, a zubar. Maƙwabciya ta ga an sauke kaya, gobe ga yarinya da kwano, wai a sam mata kafin maigidanta ya dawo. Dangi su zo gaisuwa, ba a sallamarsu hannu rabbana. Ban ce a hana ba, mu ba haka aka rene mu ba, kuma abin da aka bayar ba ya ɓata. Amma idan ba a yi tsari ba, buhun wata biyu sai ya ƙare a sati biyar, Malam ya ce an yi wasa da shi. Ranar da aka kawo kaya, ki auna na sati ki zuba a bokiti mai murfi, shi kaɗai ne a kicin. Ki ware na kyauta daban, da niyyarsa. Sauran a kulle, makulli a jakarki.

Na san tambayar da ke bakinki: ina kuɗin buhu, alhali ana bin mu? A nan haɗaka take amfani. Yadda ake watanda da sallah, mutum goma su haɗa su sayi sa a raba, haka ake yi da buhun sukari da jarkar mai. A ɗakin malamanku ba za ki rasa mata uku ko huɗu masu irin damuwarki ba. Ku haɗa kuɗi ranar albashi, mutum ɗaya ya je, adaidaita ɗaya, ku raba da kwano ɗaya a gaban kowa. 'Yan kasuwa da yawa yanzu suna karɓar tiransifa, musamman tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, kuma idan kun saba da mai kaya, waya ta isa ya ɗora muku a adaidaita. Sauƙin da kike nema a kanti, ga shi a farashin sari. A fara da kaɗan dai, kuma a rubuta komai, don kuɗi na raba aminai.

Yanzu ki miƙa wa Malam wayar, ina da magana da shi.

Malam, barka da ƙoƙari. A garin da gwamnatin jiha ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a naira 71,000 a 2024, mai fitar da 180,000 duk wata don cefane ba ƙaramin tsaye yake ba, Allah ya ƙara buɗi. Amma ka ɗauki biro: 180,000 a raba kwana 30, naira 6,000 ke nan a rana. A raba wa mutum bakwai, kowa bai kai 900 ba, karin kumallo da rana da dare. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a shekara. Idan adadin da kake bayarwa bai motsa ba tun kafin lokacin, to wani ɓangare na giɓin nan ba kanti ne ya ci ba. Sannan ka ce a gidanku buhu-buhu ake saukewa daga Dawanau. Na yarda. Wa yake zuwa ya sayo? Ina kyautata zaton Baba ne, Hajiya tana gida ana kawo mata. A al'adarmu da addininmu ciyarwa a wuyan miji take, kuma cefane tun asali aikin maigida ne. Ka miƙa mata shi saboda hanyarta ce, ta karɓa a kan aikinta da girki da reno, sannan kana so ta yi shi yadda Baba yake yi. Idan farashin Singa kake so, Asabar ɗaya a wata taka ce, ga ƙaninka ya riƙe maka kaya. Tafiyar Yankaba ta nuna kana iyawa. Abin da ya rage shi ne ka tafi da takardar da ita ta rubuta.

Ƙanwata, karɓi wayarki. Kin ce kin kasa riƙe bakinki. Na san irin maganar da ake yi a kan ruɓaɓɓen tumatir, kuma na san namiji yakan manta asarar kuɗi amma ba ya manta dariyar da aka yi masa. Mutumin nan ya keta gari don ya rage muku kashe kuɗi. Ki ba shi haƙuri a kan wannan kaɗai, ba tare da "amma" ba, kuma ba a ranar da za ku yi lissafi ba. Bayan kwana biyu, yara sun yi barci, ki kawo rasit ɗinki da jan layinsu, ki fara da naki laifin kafin ya nemo shi. Ki karɓo jimlar littafin mai shago ta wata uku ki ajiye a gefe. Takarda ba ta ɗaga murya.

Wata na farko zai yi ɗaci, gara ki sani. Abin da za ku nema shi ne a rufe littafin nan gaba ɗaya da kuɗin da ba na cefane ba: ko Malam ya yi ƙoƙari sau ɗaya, ko kwasar adashe, ko ke ki taimaka daga albashinki idan kin ga dama, kyautatawa ce ba wajibi ba. A biya mai shago a yi masa godiya, a kuma gaya masa a gaban yara cewa daga yau ba a rubutawa sai da kuɗi a hannu. Daga 180,000 a fara sayen masu nauyi huɗu ko biyar, shinkafa, mai, taliya, sukari, sabulu, ko da rabin buhu ne. Abin da ya rage a cire shi takarda, a raba gida huɗu, kowane sati da ambulansa, na kayan miya da nama da burodi. Idan ambulan ya ƙare ranar Alhamis, Juma'a a ci wake da shinkafa da mai da yaji, ba wanda ya taɓa kwanciya asibiti saboda garau-garau. Ki kuma ajiye 'yar dubu kaɗan da sunan ranar gajiya, domin ranar za ta zo da za ki fito daga makaranta ba ki iya ko tayi, ki shiga kanti ki sayi sauƙinki da saninki, kuma ba wanda zai tuhume ki tunda an ware.

Idan wata ya zagayo ki sake rubuto min abu biyu: ranar nawa ga wata kuɗin suka kai, da kuma wa ya je Singa.